Ƙaya a Kan Tsohon Layi

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Diffa ba. Duk da haka, a bayan gari ta wajen kogi, akwai wurin da kowa ke kira Layi.

Wani kamfani ne ya shimfiɗa shi tun da daɗewa. Siraran ƙarafa biyu ne a kan tudun ƙasa. A kansu leburori ke tura 'yan akwatunan ƙarfe, suna kwaso yumɓu daga bakin kogin Komadugu zuwa gidan gasa bulo. Kamfanin ya mutu, akwatunan suka ɓace, ƙarafan suka zauna suna tsatsa.

Da aka hana hawa moto, wato babur, saboda tashin hankali, mutane suka koma keke da ƙafa. Masu gonakin tattasai suka riƙa fama da yashi, keke na nutsewa, buhu na faɗuwa. Sai ma'aikatar magajin gari ta ce za a cire ƙarafan, a zuba jar ƙasa, Layi ya zama hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa. Tudu ne, ko kogi ya yi ambaliya ba ya hawa kansa.

Aikin ya kusa rabi, ran nan da hantsi wani lebura ya shigo komisariya, ofishin 'yan sanda, da gudu, ya yar da kekensa a ƙofa.

Insifekta Abdulwahab yana shan shayi. Ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, Shef ya mutu!"

"Wane shef? Garin nan ko mai sayar da shayi shef ne."

"Shef Khalifa, mai kula da aikin Layi. Yana can kwance ƙarƙashin aduwa."

"Kai wane ne?"

"Bubakar. Ni ne mai ɗaukar masa igiyar awo."

Insifekta ya ajiye kofin, ya kira Sumaiya, 'yar sandar da ke aiki tare da shi. Suka hau mota.

A ƙarƙashin aduwar suka tarar da leburori sun yi cirko-cirko. Insifekta ya ce kowa ya ja baya, ya durƙusa.

Ya ga gawa da yawa a aikinsa, amma bai taɓa ganin wadda aka kashe kuma aka yi mata haka ba. Khalifa yana kwance a kan gefensa na dama, fuskarsa na kallon gabas. An rufe masa ido. An ɗaure masa haɓa da tsumman farin yadi, an haɗa manyan yatsun ƙafarsa an ɗaure. Takalman aikinsa na gefe a jere, kamar ya shiga masallaci.

A ƙeyarsa akwai rauni mai zurfi. Amma ƙasar wurin babu jini.

"Wa ya taɓa shi a cikinku?"

Duk suka girgiza kai.

"Wallahi haka na same shi," in ji Bubakar. "Ni ko kusa ban matsa ba."

Sumaiya, wadda Babarbariya ce, ta harare shi. "Bafillace da tsoro. Da saniya ce ta faɗi da ka rungume ta."

"Saniya ai ba ta biyo mutum cikin mafarki," in ji Bubakar. Ya so ya yi dariya, bakinsa ya ƙi.

"Yaushe kuka rabu da shi?" Insifekta ya tambaya.

"Jiya bayan la'asar. Muka tashi, ya ce mu tafi, yana da abin da zai duba."

"Iyalinsa ba su neme shi ba?"

"In magariba ta riske shi, yakan kwana a shagon kayan aiki, saboda dokar hana fita. Sun ɗauka yana can."

"Yana da abokin faɗa?"

Leburorin suka dubi juna. Wani daga baya ya ce, "Modu maƙeri." Sauran suka amsa, kamar dā ma jira suke wani ya fara.

Modu ɗan gudun hijira ne daga ƙetaren kogi, yana da 'yar maƙera a unguwar baƙi. Khalifa ya taɓa kama shi da guntun ƙarfen Layi, suka yi cacar baki a gaban jama'a.

Kafin azahar Insifekta ya isa maƙerar. A ƙarƙashin buhunan gawayi aka tono guntayen ƙarfen Layi da manyan ƙusoshi. Bai tsaya dogon bincike ba, ya sa wa Modu ankwa. Matarsa Meram ta biyo motar da gudu, goyo na rawa a bayanta, har ta gaji ta tsaya.

A ofis Modu ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Ina kake jiya bayan la'asar?"

"Kasuwa."

"Wa ya gan ka?"

"Mutane."

"Mutane ba su da suna?"

Modu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ƙarfen nan fa?"

"Fartanya nake ƙerawa da shi. Ƙarfe ne mai kyau, yana ruɓewa a banza."

Sumaiya ta leƙa kasuwa ta dawo. Babu wanda ya ga Modu jiya. Wata mai ƙosai ma ta ce ta gan shi ya nufi Layi da buhu a kafaɗa.

Da yamma Komise, shugaban komisariyar, ya kira Insifekta.

"Aiki ya yi kyau. Baƙo ne daga ƙetare, yana tara ƙarfe a ɓoye, ya kashe ma'aikacin hukuma. Wa ya san inda ƙarfen ke zuwa? Wannan ba namu ba ne. Ran Jumma'a ayarin soja zai tafi Yamai, za su tafi da shi."

Insifekta ya san mutanen da aka sa a wannan ayari da irin wannan zargi. Wasu shekaru sun wuce iyalinsu ba su ji ko duriyarsu ba.

"Shef, ban gama bincike ba."

"To ka gama kafin Jumma'a."

Ya fito yana jin haushin kansa. Shi ya kawo Modu, da hannunsa, a kan maganar leburori.

Washegari ya tafi asibiti. Likita ya ce rauni ɗaya ne, ƙeyar ta bugi wani abu mai tauri mai tsawo. Ya ƙara da cewa an wanke wa mamacin fuska, har cikin kunne.

Ya miƙa wa Insifekta tsummokaran da aka ɗaure gawar da su. Ɗaya har yanzu da ƙullinsa. Insifekta ya ja bakin tsumman kaɗan, ƙullin ya warware da kansa.

Ya tsaya yana kallonsa. Ya tuna ranar da ya sauka cikin kabarin mahaifinsa a Damagaram, liman ya ce masa ya kwance ɗaurin likkafani. Haka ya ja, haka ya warware.

"Sumaiya, maƙeri in ya ɗaure abu, yaya yake ɗaurewa?"

"Yadda ko aljani ba ya kwancewa."

"Wannan kuwa an ɗaure shi ne don a kwance. Hannun mai wankan gawa ne."

A ƙofar asibitin suka haɗu da Munira, matar Khalifa, 'yan'uwanta na riƙe da ita. Ta tsaya a gaban Insifekta.

"An ce an rufe masa ido."

"Haka ne, Hajiya."

"An ce an juya shi gabas."

"Haka ne."

"To wane irin mutum ne wannan? Ya kashe mini miji, ya kuma yi masa abin da ni ban samu na yi masa ba?"

Insifekta ya ce Allah ya ba ta haƙuri, ya wuce.

Suka koma Layi, suka ɗauki Bubakar. Wannan karon Insifekta bai tsaya a aduwa ba. Ya bi sabuwar jar ƙasar da aka zuba, santsi kamar tsakar ɗaki, har inda ta ƙare. Daga nan tsoffin ƙarafan suka ci gaba, suka karkata kudu wajen kogi.

A daidai kwanar, tsakanin ƙarafan biyu, akwai tarin ƙaya.

"Nan aikin ya tsaya?"

"Nan ne," in ji Bubakar, yana ja da baya. "Wurin nan ba lafiya ba."

"Me ya same shi?"

"Ƙayar nan. Mu kwashe ta yau, gobe mu tarar ta dawo. Mu sake kwashewa, ta sake dawowa. Yara suka ce mutanen ɓoye ne, suka ƙi taɓawa. Shef ya yi ta yi mana dariya. Ya ce shi zai tsaya ya ga aljanin da ke da gatari."

"Shi ne abin da ya tsaya dubawa?"

"Shi ne."

Insifekta ya zagaya tarin. Rassan ƙasa sun bushe sun yi baƙi, na sama ɗanye ne. An daɗe ana ƙarawa. Ya leƙa ta ƙarƙashi, ya ga ƙasar ta yi ɓawo, irin na wurin da ake yawan yayyafa wa ruwa.

A jikin ƙarfen yamma akwai wuri ɗaya da ya yi fari, an goge tsatsar da yashi. Ya tona yashin da ke gindinsa da ɗan yatsa. Ƙasan ya yi baƙi, ya dunƙule.

"Nan ya faɗi," ya ce.

Sumaiya ce ta ga sawun. Sawun silifa ya taho daga wajen unguwar baƙi, ya tsaya a gefen tudun. Daga nan zuwa tarin ƙayar, sawun ƙafa ne ba takalmi.

"Wane mahaukaci ne zai cire takalmi ya shiga cikin ƙaya?" ta ce.

Insifekta ya ja baya ya dubi tarin gaba ɗaya. Tsawonsa tsawon mutum ne. Ya miƙe daga kudu zuwa arewa.

Ya cire hularsa a hankali.

"Sumaiya, sauko daga nan. Kabari ne."

Bubakar ya yi salati.

Da suka dawo komisariya suka tarar da Meram a bakin ƙofa da kwanon abinci. Tun safe take nan, masu gadi sun hana ta shiga. Insifekta ya karɓi kwanon ya bayar a kai wa Modu, ya sa aka ba ta kujera.

"An ce Yamai za a kai shi," ta ce. Muryarta ta dushe. "Ranka ya daɗe, in aka kai shi ba zai dawo ba. Ɓarawon ƙarfe ne, na yarda. Amma ko kaza sai na kira maƙwabci ya yanka mana."

"Wa ke wankan gawa a unguwarku?"

Ta dube shi da mamaki. "Babana. Malam Abatcha. Tun muna can gida aikinsa ke nan. Ba ya karɓar ko sisi."

"Tare kuka ƙetaro?"

"A'a. Shekarar da aka kore mu, ni da yara aka cusa mu cikin babbar mota. Shi da Ya, mahaifiyata, suka biyo a ƙafa. Ba ta da lafiya dā ma. Shi kaɗai ya iso."

"Allah ya jiƙanta. Ina aka binne ta?"

"A babbar maƙabartar gari. Baba ya ce mutane da yawa sun yi mata salla, har da wani babban malami. Mu mata ba ma shiga, amma ya nuna mini kabarin daga bakin katanga. Duk Jumma'a nakan je in tsaya in yi mata addu'a."

Ta faɗi haka da ɗan alfahari. Insifekta ya kau da kai. Ya ga ba ƙarya take yi ba, abin da aka faɗa mata take faɗi.

Ya shiga wurin Modu shi kaɗai, ya rufe ƙofa.

"Ka je Layi shekaranjiya. An gan ka."

Modu ya ce, "Na je."

"Ka ga Khalifa?"

"Daga nesa."

"Shi da wa?"

"Ban gani da kyau ba. Rana na idona."

"Rana na faɗuwa yamma, kai kana kallon kudu. Modu, ka san inda za a kai ka Jumma'a?"

"Na sani."

"Surukinka ka gani?"

Modu ya zame daga zaune ya durƙusa, kamar dattijon ne ya shigo ɗakin. Ya kafa ido a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, mutumin da ya ba ni 'yarsa ina da wando ɗaya. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Yau ne zan kama shi a gaban hukuma? Ku kai ni inda za ku kai ni."

"Yaranka fa?"

Hawaye ya zubo masa.

Bayan la'asar Insifekta da Sumaiya suka shiga unguwar baƙi. Gidan Malam Abatcha zana ce da rumfar leda. Tsoho ne siriri mai farin gemu, yana zaune a kan buzu da carbi. Ya tarbe su da Hausarsa mai karin Barebari.

"Lale, lale. Ku zauna. Maganar yaron nan ce?"

"Ita ce, Baba. Kana zuwa wajen Layi?"

"Ni? Gwiwa ta hana. Daga nan sai masallaci, sai in an yi rasuwa."

"Ka san Khalifa?"

"Sunansa kawai nake ji. Allah ya yi masa rahama."

Ya ɗaga hannu zai shafa addu'a. Bayan hannayen duk karce ne, sabo a kan tsoho. A jikin zana akwai ɗan gatari, da wani farin rawani da aka yage bakinsa.

Sumaiya ta kalli Insifekta. Ya yi kamar bai gani ba. Ya miƙe yana kaɗe wando.

"To, Baba, mun gode. Dā ma aikin ma ba zai tsaya ba. Gobe da hantsi katafila za ta zo ta baje sauran tudun gaba ɗaya, an gaji da aikin hannu."

Carbin ya tsaya a hannun tsohon.

"Gobe?"

"Gobe."

A mota Sumaiya ta ce, "Wace katafila? Ma'aikatar magajin gari ko baro mai ƙafa biyu ba ta da shi."

"Na sani."

"Me ya sa ba mu ɗauke shi yanzu ba? Ga rawani, ga hannu."

"Rawani ba zai fid da Modu daga ayari ba. Komise zai ce tare suka yi. Sai tsohon ya faɗa da bakinsa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ban ji daɗin abin da na yi masa ba."

Da gari ya waye suka ajiye mota nesa, suka taka a ƙafa ta sabuwar hanyar. Tuni masu keke sun fara binta da buhunan tattasai, suna kaɗa ƙararrawa, in sun kai ƙarshen jar ƙasa su sauka su tura. Wasu mata da itace a ka suna cewa wannan hanya ta hutar da su.

Malam Abatcha yana can a kwanar. Silifansa na gefen tudu, butarsa na kusa da shi. Ya zauna a gaban tarin ƙayar, ya miƙe ƙafafu, yana fuskantar inda katafila za ta ɓullo.

Da ya gan su bai motsa ba.

"Ina katafilar?"

"Babu katafila, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallon Insifekta. Sai ya gyaɗa kai.

"Ka yi mini wayo, ɗana."

Insifekta ya cire takalmansa, ya hau tudun, ya zauna kusa da shi.

"Wa ke nan?"

"Kaltumi. Uwar Meram."

"Ba ta kai gari ba."

"Ba ta kai ba." Ya shafa ƙasar da tafin hannu. "A bayana na ƙetaro da ita. Da muka hau tudun nan ta ce in sauke ta ta huta. Na sauke ta. Shi ke nan. A lokacin an ce duk wanda aka gani a bakin kogi harbi ne. Babu wanda zan kira. Na sami guntun ƙarfe na tona. Nan ne kawai ruwa ba ya zuwa."

Ya dubi hannayensa.

"Na wanke mutanen da ban san iyakarsu ba. Attajiri da matsiyaci, duk da sabulu da turare da sabon yadi. Matata kuwa da zanen jikinta na sa ta. Ba wanka, don ba ruwa a hannuna. Ni kaɗai na tsaya na yi mata salla, ina yi ina waige. Ramin ma bai kai gwiwa ba. Shi ya sa ƙaya, kada karnuka."

"Sai ka ce wa Meram tana maƙabarta."

"Ta tarbe ni tana tambaya, Baba wa ya wanke Ya? Me zan ce mata? Na ce mata abin da ya kamata a ce an yi."

"Da aka fara aikin, me ya hana ka zuwa wurin bulama, mai unguwarku? Ko wurina? Ba a bin hanya ta kan kabari, Baba. Da an kauce."

"Na je ƙofar bulama. Na tarar da mutane, na gaishe su na dawo. In na faɗa, Meram za ta ji. Soja ma za su ji, su ce gawar wa baƙo ya ɓoye a bakin kogi, su tone ta su duba. Sai na ce bari in yi ta sa ƙaya, wataƙila su gaji su kauce da kansu."

"Ranar fa?"

"Na zo da ƙayata bayan la'asar, na ɗauka sun tashi. Sai ya fito daga bayan aduwa yana dariya. Ya ce, ashe kai ne aljanin, Baba? Yaro mai fara'a. Ya ce me ƙaya ta yi maka da kake kiwonta? Na ce ɗana, ka kauce da hanyarka kaɗan. Ya ce Baba, tudu ɗaya ne, in na kauce sai cikin ruwa. Yana magana yana jan rassan da ƙafa. Sai na ga ya hau. Da takalmin nan nasa mai nauyi. Daidai ƙirjinta."

Ya nuna wurin da hannu.

"Na ce sauka. Ya ce don me? Na ce sauka! Bakina ya kasa faɗin sauran. Sai ya daina dariya. Ya dubi ƙasa, ya dube ni. Ya ce, Baba, me ke ƙarƙashin nan?"

Tsohon ya rufe fuska da hannayensa masu karce.

"Ya gane, ka ji ko? Ya riga ya gane. Ya ɗaga ƙafa zai sauka. Ni kuwa hannuna ya riga ya tafi. Na ture shi. Ƙaya ta harɗe shi, ya faɗi da baya a kan ƙarfe. Na ɗago kansa, na laƙƙana masa kalmar shahada. Ban sani ba ko ya ji."

Sumaiya ta juya baya tana gyara hularta.

"Sai ka ɗauke shi zuwa aduwa."

"Ba zan bar ɗan Musulmi a yashe baki buɗe ba. Hannuna ne ya yi, ban ma yi tunani ba. Aikin da na iya ke nan."

"Modu ya gan ka."

"Ya gan ni ina jan sa. Ya juya kamar bai gani ba."

"Ka san gobe za a tafi da shi Yamai saboda kai?"

Malam Abatcha ya sauke hannayensa.

"Na sani. Meram ta zo ta yi kuka a gabana, na ce ta yi haƙuri, Allah na nan. Ni na faɗi haka. Ina ta cewa in na tabbata an bar Kaltumi lafiya, sai in zo in faɗa. Na zaɓi matacce na bar mai rai. Wannan ya fi turewar muni, don wannan da hankalina na yi."

Ya ɗauki butar, ya yayyafa sauran ruwan a kan ƙasar, ya miƙe da kyar.

"Za a tone ta?"

"Zan yi magana da liman da magajin gari. Ko a kewaye wurin da bulo hanya ta raɓa, ko a mayar da ita maƙabarta da sutura. Ban yi maka alkawarin wanne ba."

"Ashe da sauƙi haka," in ji tsohon a hankali.

Sumaiya ta fito da ankwa. Insifekta ya girgiza mata kai. Suka sa shi a tsakiya suka bi sabuwar hanyar, masu keke na kauce musu suna gaishe da Malam.

A komisariya ya maimaita komai a gaban Komise, bai rage ba. Komise ya yi tsaki, ya ce a cire sunan maƙerin daga ayari, maganar ƙarfe kuma a bar ta sai wani lokaci.

Insifekta da kansa ya buɗe wa Modu ƙofa.

"Na yi gaggawa a kanka," ya ce. "Ka yafe ni."

Idon Modu na kan surukinsa da aka fito da shi za a wuce da shi ciki. Ya durƙusa a ƙasa kamar yadda ya saba.

"Tashi, Modu," in ji tsohon. "Ba ni da wannan girman a wurinka yanzu. Ka kai ta wurin uwarta. Kai ka san wurin."

Meram tana bakin ƙofa. Ta ga mijinta ya fito, ta yi guɗa rabi, sai ta hango ubanta tsakanin 'yan sanda. Sumaiya ta ja ta gefe ta yi mata bayani da Barbarci, a hankali. Meram ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙaraso gaban tsohon, ta gyara goyonta.

"Baba."

"Na'am."

"To wancan da ka nuna mini ta katanga, wanda nake zuwa duk Jumma'a, kabarin wa ne?"

Malam Abatcha ya dube ta.

"Ban sani ba, 'yata. Na duba ne na nuna miki wanda ya fi kyau."

Mai gadi ya taɓa kafaɗarsa. Tsohon ya juya ya bi shi, aka rufe ƙofa.